Turamen da Ba a Ƙirga Ba

Keke na fara gani da na shawo kwanar lungunmu. An jingine shi a jikin dakalin ƙofar gidanmu, an rubuta masa lamba da farin fenti a bayan sirdi. A unguwarmu ta Zaitawa a wancan lokacin kekuna ba su da yawa, kuma na san kowanne da mai shi. Wannan baƙo ne. Ƙararrawarsa ba ta da murfi, an cusa mata tsumma don kada ta yi ta kaɗawa a hanya.

Ranar Laraba ce, an tsayar da mu ɗinki a makaranta har bayan la'asar. Shekarata goma sha ɗaya. Na tuɓe takalmi, na yi sallamar da ni kaɗai na ji ta, na raɓa jikin bangon soro zan wuce ciki. Baba yana zaune inda ya saba, fata a cinya, yana ɗinkin gafaka, sana'ar da kakanninmu suka zo da ita daga Barno. A gabansa akwai wani saurayi mai farin wando, da fensir a bayan kunne da babban littafi mai jan bango.

"Uwata, dakata," in ji Baba. Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. "Wannan malamin daga gidan rediyo yake. Wataƙila a aike ki ciki."

Na tsaya, na kafa ido a kan yatsun ƙafata.

"Malam, ɗan ɗaga murya," in ji saurayin, yana dariya. "Kai, unguwar nan taku akwai daka! Tun da na shigo lungun nan kaina yake amsawa."

Gaskiyarsa. A wannan lokacin na yamma kowane gida ana daka, wasu kuka, wasu daddawa, wasu geron fura, luguden taɓarya ta kowace katanga. Mu da muka tashi a ciki ba ma jinsa sai baƙo ya faɗa.

Abin da ya kawo shi akwatin rediyonmu ne. Yana rataye a ƙusa a bangon soro, na katako, da waya da ta fito daga bayansa ta bi ta saman azara ta haɗu da turken bakin titi. Maɓallinsa ɗaya ne, na ƙara murya da ragewa. Ba a sauya tasha. Abin da gidan rediyo ya ga dama ya turo ta waya, shi za ka ji. Huɗu ne irinsa a duk lungunmu.

A waɗancan shekarun aka fara sa wasan ƙwallo na makarantun kwana na maza a rediyo, ranar Asabar bayan la'asar. An raba makarantun rukuni-rukuni, kowane rukuni su yi ta bugawa a tsakaninsu tun farkon zango. Waɗanda suka yi zarra a rukuninsu sai su haɗu a wasan kofi a ƙarshen shekara, wanda aka ci ya koma gida. Yayana, ɗan farin gidanmu, yana kwaleji a Zariya, kuma shi ne golan makarantarsu. A wannan shekarar sun fito daga rukuninsu, saura wasa biyu: na Asabar mai zuwa, in sun ci kuma sai na ƙarshe, bayan mako biyu.

"Ana so a san mutum nawa ke sauraron ƙwallon nan," in ji malamin rediyo. "Gida-gida muke bi."

Baba ya ajiye basilla ya shiga lissafa su da yatsu: teloli biyu na bakin titi, mai wanki, ladanin masallacinmu wanda kullum yake cewa wucewa yake yi, da wasu samari biyu masu jimar fata.

"Shida. Da kai bakwai ke nan."

"Ni ɗinkina nake yi," in ji Baba. "Rubuta shida."

"To mata fa? Akwai gurbinsu a nan."

Baba ya dube ni. Na shiga ciki. Inna tana bakin murhu tana gyara itace. Na faɗa mata saƙon kamar yadda aka faɗa. Ba ta ɗago ba.

"Je ki ce ba ruwanmu da tamaula."

"Inna, ai ke..."

"Me na ce ki faɗa?"

Na dawo na faɗa, muryata ƙasa-ƙasa har sai da Baba ya maimaita masa. Na ga fensirin ya zagaya, ya yi sifiri. Da yake a tsaye nake, ina ganin shafin a juye. Layin mata tun daga sama har ƙasa sifiri ne, kamar an jera ƙwai.

"Ko'ina haka suke cewa," in ji shi, yana rufe littafin. "Babbanmu dama ya ce mutanen cikin birni ba su damu da ƙwallo ba, na 'yan Sabon Gari ne da 'yan boko. Ga kaka ta yi, yana so a sa jawabi a kan shanyar gyaɗa a wannan lokacin. Na wannan Asabar ɗin za a sa, tunda an riga an shirya. Na ƙarshen kam, in littafin nan ya koma a haka, gyaɗa za ku ji."

Baba ya ɗauki basillarsa ya daɗe yana duban bakinta. "Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri," ya ce.

Malamin ya ce ranar Asabar zai dawo ya ƙarasa gidajen wajen Ƙofar Ruwa, ranar Litinin ya miƙa littafi. Ya hau kekensa ya tafi. Ina tsaye da magana cike da bakina, ban ce komai ba. Haka nake a lokacin. A aji ma, ko na san amsa, sai dai in rubuta ta a gefen littafi in tura wa ta kusa da ni ta ɗaga hannu.

Abin da na sani, wanda littafin bai sani ba, shi ne wannan. Inna ba ta taɓa faɗin sunan Yaya ba, don kunyar ɗan fari. In ta kama dole sai ta ce "wancan na makaranta". In ya zo hutu ya durƙusa gaishe ta, sai ta amsa tana kallon wani wuri. In wasiƙarsa ta zo, ni nake karanta wa Baba a soro, ita kuwa ba ta taɓa tambayar me ya ce ba, sai dai a daidai lokacin tsintsiya take kai ta kusa da ƙofa. A wannan shekarar bai zo dogon hutu ba, an tsayar da su karatun jarrabawa. Wata tara ke nan ba ta sa shi a ido ba.

A bangon da ya raba soro da tsakar gida akwai wata 'yar taga can sama, wadda ba ta fi tafin hannu biyu ba. Kowace Asabar Inna takan gama dakanta tun kafin azahar. Da an yi sallar la'asar sai ta ɗauko faifai da wake, ta shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin tagar, ta jingina bayanta da bango, wai tsintar wake. Waken da a sauran kwanaki take tsincewa kafin ruwa ya tafasa, ran Asabar sai ya cinye mata wasa guda. In mai bayani ya ambaci gola, yatsunta sukan tsaya cak a cikin waken. In ya faɗi sunan, wanda ba ya yawan yi, kuma da sauri yake wucewa, sai in ga ta ƙara karkata kunne wajen tagar. Wannan shi ne kaɗai wurin da take jin sunan ɗanta a bakin wani ba tare da ta kawar da kai ba.

A daren Larabar, muna wanke kwanuka, na gwada.

"Inna, sun ce ba za su sa na ƙarshen ba."

"Su ta shafa."

"Da kin ce kina ji..."

"Ina jin me? Cuɗa bakin tukunyar nan, kin bar baƙi."

Washegari na je wurin Gwaggo, yayar Baba, wadda gidanta ke jikin namu. Mijinta ya rasu da daɗewa, tana yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma ita ce bakinta ba ya shiru a duk danginmu. Ita ta yaye Yaya, don haka "ɗana" take ce masa da ƙarfinta, kowa ya ji. Na same ta tana matsar tunkuza, na ba ta labari.

"Gyaɗa?" Ta saki tunkuzar. "Ni za a koya wa shanyar gyaɗa a akwati? Tun kafin a haifi uban mai akwatin nake shanya gyaɗa!"

"Gwaggo, ke me kika ce da aka tambaye ki?"

"Wa ya tambaye ni? Gidana ba akwati, ta katangarku nake ji. Ai masu akwati kaɗai ya bi."

"Sauran fa? Me ya sa duk suka ce ba sa ji?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta me ya sa ruwa yake jiƙa. "Ke shiru-shiru, bokon nan ba ya koya muku komai? Baƙo namiji yana zaune a soro, mai gida ya aiko ya ce, ‘Kina sauraron ƙarti suna guje-guje da gajeren wando?’ Wace ce za ta ce e? Uwarki kuwa, ko wuƙa aka sa mata a wuya ba za ta ce tana zaman jiran sunan ɗan farinta ba."

"To ke ki je ki faɗa masa."

"In ce me? Tsohuwa ɗaya mai warin ƙuli? Ya rubuta ɗaya, ɗaya ta hana gyaɗa? Ke da kika iya rubutunsu, ke za ki san yadda ake shiga littafinsu."

Ina fitowa daga gidanta aka fara dakan yamma, sai maganar malamin ta dawo mini, wai kansa yana amsawa. Na tsaya a tsakiyar lungu. A karon farko na lura da abin da kunnena ya daɗe da sani: ranar Asabar ba a jin wannan lugude. Ba Inna kaɗai ke gama daka kafin azahar ba.

Na koma gida na yago takarda daga tsakiyar littafin lissafina, inda ba za a gane ba. Na zana lungunmu tun daga bakin titi har rijiyar ƙarshe, na sa gidaje a gefe da gefe, na yi alama a huɗun da ke da akwati. Daga nan na fita farautar turame.

Kowane turmi da muryarsa. Na gidan mai wanki ya tsage a gindi, yana da wata 'yar ƙara kamar tari. Na gidan liman babba ne, mutum uku ke daka a cikinsa, suna jefa taɓarya sama su tafa kafin ta dawo. Na amaryar gidan tela sabo ne, bai gama laushi ba, ƙararsa tsaye take kamar ana buga ƙofa. Namu mai zurfin murya ne. Yarinya ba a hana ta shiga gida, don haka inda na yi shakka sai in leƙa in ce Inna tana gaisuwa, in ƙirga hannun da ke kan taɓarya in fito. Wannan ƙaryar gaisuwar ita ce mafi yawan maganar da na taɓa yi da mutanen unguwa. Yammacin Alhamis da na Juma'a na yi ina wannan aiki. Na samu turame goma sha tara, kuma na rubuta yawan matan da ke kowane gida a kusa da turminsu.

Saura abu mai wuya, wato magana. Na tsara ta jimla uku. Na yi ta maimaita su a gaban akuyar Gwaggo, na maimaita a bakin rijiya ina jan guga. A gaban akuya lafiya lau suke fita.

Ranar Asabar, tun da hantsi unguwa ta ɗauki daka. Na yi ta dubawa a takardata ina sa ɗigo. Kafin a kira azahar duk goma sha taran sun yi sun gama. Na ci abinci, na ce wa Inna zan je wurin Gwaggo, na wuce bakin titi na tsaya a inuwar wata katanga inda duk mai zuwa Ƙofar Ruwa sai ya bi. Takardar tana ninke a ƙugun zanena, ta jiƙe da gumi. Aka yi la'asar. Jakuna suka wuce da buhunan gyaɗa, masu jima suka rufe suka nufi soronmu. Na fara tunanin ko ya bi ta wata hanya.

Sai ga shi, a kan keken nan mai tsumma a ƙararrawa. Jimla ukun nan sun tafi kamar ban taɓa saninsu ba. Ya zo daidai da ni, ya gota. Ban san lokacin da na ruga na kama kariyar ɗora kaya ta bayan keken da hannu biyu ba. Ya yi tangal-tangal, ya dire ƙafa.

"Ke! Lafiya? Kashe ni za ki yi?" Ya juyo. "Au, 'yar gidan mai gafaka ce. Me ya faru?"

Na ciro takardar na miƙa masa, ɗayan hannun yana riƙe da keken.

Ya warware ta, ya juya ta sama da ƙasa. "Taswira ce? Waɗannan ƙananan kofunan fa?"

"Turame ne," na ce.

"Turame." Ya dube ni, ya dubi takardar. "To, madalla, kin iya zane. Sakar mini keke, 'yan mata, ina da gida tara a gaba."

Ban saki ba. "Malam, ka zo ka ji."

"In ji me?"

"Ka zo dai."

Ban san abin da ya gani a fuskata ba. Ya yi tsaki mai haɗe da dariya, ya sauko, ya turo keken muka shiga lungu, ni a gaba shi a baya. Na kai shi tsakiya, wurin da katangar gidanmu ta haɗu da ta Gwaggo, na tsaya. An riga an fara wasa. Muryar mai bayani tana fitowa daga soraye huɗu lokaci guda, kowanne an ƙure maɓallinsa.

"To, ga ni. Rediyo ce, na san ta, a can nake aiki."

"Ban da ita."

Ya karkata kai. "Ban ji komai ba."

"Ran Laraba ka ce kanka yana amsawa."

Na ga idonsa ya bi katangun ɗaya bayan ɗaya. Babu taɓarya ko ɗaya. Ba kukan yaro, ba ƙarar guga, ba mai kiran wata ta kan katanga. Hayaƙi ma bai tashi daga ko'ina ba, alhali lokacin ɗora tukunya ya yi. Wata kaza ce kaɗai ke tono a bakin kwata.

"Ina suka tafi?" ya tambaya, ya rage murya shi ma.

"Suna nan. A jikin bango."

Ya jingine keken, ya tsuguna, ya shimfiɗa takardata a gwiwa. Na nuna masa da yatsa: wannan gidan ta tagar soronsu suke ji, waɗannan biyun ta katangar maƙwabta, wannan kuma matan sukan taru a bayan ɗakin girki don nan ne sautin ke faɗowa. Tun da abin nunawa ne ba na kallon ido ba, sai na ji maganar tana fita da kanta.

Ana cikin haka muryar mai bayani ta tashi. An yi wa wani keta a gaban ragar su Yaya, alƙalin wasa ya ba da bugun daga kai sai gola. Na ji soronmu ya yi tsit. "Ya ajiye ta... ya ja da baya... ya taho... ya buga! Gola ya cafke! Gola ya cafke ta!"

Lungun ya fashe. Ta bayan katangar liman wata ta ce "Alhamdu lillahi!" da ƙarfi, wasu suka kwashe da shewa. A gidan tela kwano ya faɗi ya yi ta juyawa a ƙasa. Gwaggo ta rangaɗa guɗa, ta ƙara da, "Ɗana ne! Ni na yaye shi! Ku zo ku koya mini shanyar gyaɗa!" Kafin a ƙirga goma kuma kowa ya koma shiru, don an ci gaba da wasa.

Malamin rediyo ya toshe baki da hannu, kafaɗunsa suna rawa. Da ya samu numfashi sai ya nuna katangarmu.

"Golan ɗan gidanku ne?"

Na gyaɗa kai.

"Nan ne kuma kaɗai ban ji motsi ba."

"Ɗan fari ne," na ce.

Ya daina dariya. Ya daɗe yana kallon katangar. "Ni ma ɗan fari ne," ya ce.

Bai tafi Ƙofar Ruwa ba sai da aka tashi. Su Yaya suka ci ɗaya ba ko ɗaya. Ba a fi minti biyar da tashi ba sai ga hayaƙi ta ko'ina, guga ta fara ƙara, wani yaro da aka daɗe ana lallashi ya samu damar kukansa. Malamin ya buɗe jan littafin, ya dubi layin sifirin nan, ya sosa ƙeya da fensir.

"Ba gurbin turmi a littafin nan. Kuma ba zan goge abin da suka faɗa da bakinsu ba." Ya ninke takardata ya sa a tsakiyar shafin. "Zan kai wa babbanmu wannan yadda take, in faɗa masa abin da kunnena ya ji. Ban yi miki alkawari ba, kin ji? Mutumin nan yana son gyaɗarsa."

Da na shiga gida Inna tana kwashe tabarma. Waken yana nan a faifai, da tsakuwarsa da komai.

"Ina kika tsaya? Gwaggonki ta ce ba ta gan ki ba."

"Ina lungu."

"Zo ki tsince waken nan, ni idona ya gaji."

Yanzu jikokina suna kallon ƙwallo a talabijin, har suna gaya mini wai ana sanin yawan mutanen da suka kalli kowane wasa, da rukunin da ya fi jan jama'a. Nakan ce musu to. A raina kuwa nakan so in san wa aka aika ya tambaya, kuma a gaban wa.

Lahadi ta wuce, Litinin ta wuce. Ban iya cin abincin kirki ba. A makaranta na ɗinka hannun riga a baibai, Malama ta sa na farke. Na yanke a raina cewa in Laraba ta yi ban ji komai ba, zan nemi Gwaggo ta raka ni gidan rediyon da ƙafa, in tsaya a ƙofarsu har babban nasu ya fito. Na fara tsara jimlolin da zan faɗa masa, na koma wurin akuya.

Ranar Talata da na shawo kwana, sai ga keken a jikin dakali. Na shiga soro. Baba yana ɗinki, malamin yana zaune a gabansa, ba littafi a hannunsa.

"Ga mai turame nan," ya ce. "Malam, 'yarka ta kusa karya ni a bakin titi."

Baba ya ɗago ya dube ni, ya dube shi. "Uwata? Wannan da ba ta iya amsa sallama?"

"Ita fa. Babbanmu ya yi dariya har ya share hawaye. Ya ce a maimaita masa zancen guɗar, aka maimaita. Takardarta tana kan teburinsa, ya danne ta da kwalbar tawada. An mayar da gyaɗa ranar Lahadi. Za a sa wasan ƙarshe, daga farko har a miƙa kofi."

"Alhamdu lillahi," in ji Baba. Sai kuma ya gyara murya. "Teloli za su ji daɗi."

A bayan bango, daidai ƙarƙashin tagar, na ji tsintsiya ta tsaya, sannan ta ci gaba.

Malamin ya yi sallama ya fita. Na bi shi waje, na same shi yana gyara tsumman ƙararrawa. Wannan karon ban kama keken ba. Na tsaya a gabansa, na sa hannuwana a baya.

"Akwai saura?" ya ce. "In turame ne, na ƙoshi."

"Malam, kana iya aika saƙo wurin mai bayanin wasan?"

"Muna magana da su ta waya kafin a fara. Me za a ce masa?"

Na waiwaya na dubi ƙofar gida, na rage murya yadda ba za ta haura katanga ba.

"Gola kawai yake cewa. In ya faɗi sunan ma, da gudu yake wucewa. Don Allah a roƙe shi, in Yaya ya kama ƙwallo, ya faɗi sunansa sosai, a hankali. Akwai mai son ji, kuma ba za ta iya cewa a maimaita ba."